Kokowa Biyu Cikin Akwati Guda

A shekara ta 1975 aka kafa manyan wasannin kokowa guda biyu. Ɗaya a Tawa, nan ƙasarmu Nijar. Ɗaya a Amurka, can bayan teku. Waɗanda suka kafa su ba su san juna ba. Bayan ƴan shekaru sai ga su duka biyu cikin akwatin telebijin, mutanenmu na kallon wannan, suna kallon waccan, suna gardama a kan wadda ta fi. Har yau akwai dattawa a Matamaye da Kance da Ɗan Barto waɗanda in ka ambaci Kantu, sai su ambato maka Maiti Igo. Ƴan'uwa masu karatu, ga yadda abin ya faru.

Kafin akwati ya zo

Kokowa ta girmi gwamnati, ta girmi rediyo. Tun zamanin kakanni, in an gama girbi, gero ya shiga rumbu, sai samari su sami sarari. Sarkin samari ya aika wa na ƙauyen kusa da goron gayya. A share fili a bakin gari ko a gefen kasuwa. Makaɗa su zo da ganguna da kalangai. Ƴan mata su tsaya gefe guda, tsofaffi su shimfiɗa buzu a gaba. Yara ƙanana ke buɗe fage, sa'an nan matasa, sai rana ta yi sanyi manyan ƙarti su fito. Ɗan kokowa ya ɗaura walki, ya jera layu da guraye a damtse da ƙugu, ya yi kirari, ya zagaya fili yana neman mai tare shi.

Dokar ba ta da wuya. Babu naushi, naushi na ƴan dambe ne. Babu cizo, babu tsone ido. Ka kama, ka ja, ka sa taɗiya, ka ɗauka in kana iyawa. In bayan mutum ko ɗuwawunsa ya taɓa ƙasa, magana ta ƙare. Wanda ya yi kaye ba ya samun wani abin kirki a hannu, sai goro, ko zane, ko ƴan kuɗin da aka liƙa masa a goshi. Amma sunansa zai je garin da ƙafarsa ba ta taɓa takawa ba. In ya tafi neman aure kuwa, ba a tambayarsa sau biyu ko shi ɗan wane ne.

Tawa, 1975

Manya sun tuna da farin 1973 da 1974. Dabbobi sun mutu, rumbuna sun bushe, mutane da yawa sun bar gida. Ran 15 ga watan Afrilu na 1974 sojoji suka kifar da gwamnatin Diori Hamani, Seyni Kunce ya hau mulki. Sabuwar gwamnati ta tarar da ƙasa mai faɗi da mutane a gajiye, kowa da harshensa: Hausawa, Zabarmawa, Fulani, Abzinawa, Barebari, Tubawa. Ta ta da samariya a garuruwa da ƙauyuka. Ta kuma nemi wasan da zai tara jama'a wuri guda.

Ƙwallon ƙafa yana son takalma da riguna da fili mai raga. Kokowa ba ta son kome sai yashi da ganga da ƙarti biyu, kuma manomi ya san ta tun yana yaro. Saboda haka aka shirya gasar kokowa ta ƙasa baki ɗaya. An yi ta farko a Tawa cikin 1975. A lokacin jihohi bakwai ne: Agadas, Difa, Doso, Maraɗi, Yamai, Tawa da Damagaram. Wanda ya kada kowa ya zama sarki na farko shi ne Yakuba Ango, wanda aka fi sani da Kantu, mutumin Maraɗi.

Daga nan gasar ta riƙa yawo, bana wannan jiha, baɗi waccan. Ita ce yau ake kira gasar Takobi. Yanzu jihohi takwas ne, tun da aka fitar da Tilaberi. Kowace jiha tana kawo ƙarti 10, ke nan mutum 80. Ana yin kwana goma ko kusa da haka. Jiha tana karawa da jiha, mutum goma da mutum goma. Wanda aka kada sau ɗaya ya fita daga neman takobi, amma yana ci gaba da yi wa jiharsa kokowa. To, nan daɗin tsarin yake. Wanda ya riga ya faɗi shi ne abin tsoro, don ba shi da sauran abin da zai rasa. Sau da yawa irinsu ne ke zubar da manya. Haka za a yi ta tankaɗe, har a bar mutum biyu waɗanda bayansu bai taɓa ƙasa ba. Wanda ya yi kaye a karon ƙarshe a naɗa masa rawani, a sa masa babbar riga, a ba shi doki da sirdi, a miƙa masa takobi.

Sunayen da suka fito a shekarun farko har yanzu ba su ɓace ba: Kantu na Maraɗi, Salma Ɗan Rani na Doso, Kadade Zambo na Tawa, da namu na Damagaram, Langa-Langa. Filin kokowa na Maraɗi yana ɗauke da sunan Kantu. Na Doso da sunan Salma. Na birnin Damagaram da sunan Langa-Langa. A baya Balla Haruna ya zo ya sake ɗaga sunan jiharmu.

Daga ji zuwa gani

Gasannin farko da kunne mutanen karkara suka kalle su. Gidan rediyon ƙasa, Muryar Sahel, shi ke kawo labari. A tara kuɗin batir, a zauna gindin bedi, a sa akwati a tsakiya. Mai ba da labari ya ce an kama, kowa ya yi tsit. Ya ce an ɗaga, wasu su miƙe tsaye. In ya yi kururuwa, kafin ya faɗi suna an riga an fara gardama. Waƙoƙin makaɗan kokowa irin su Sagalo ta wannan hanya suka shiga kowane gida.

Telebijin ya riga ya shigo Nijar tun 1964, amma na makaranta ne, ana koya wa yara karatu da shi a cikin aji. Tele Sahel, wadda aka yi domin jama'a duka, sai a 1979 ta kankama. Mutum nawa ke da akwati a gida lokacin? Kaɗan ƙwarai, su ma a birni. Sai gwamnati ta riƙa ajiye akwatin jama'a a garuruwa, a gidan samariya ko a wani dandali. Inda babu wutar lantarki, a haɗa shi da faranti mai shan hasken rana da batir. Da dare gari ya taru, yara a gaba kan yashi, manya a baya.

Hausawa sun ce gani ya kori ji. Ranar da mutanen karkara suka fara ganin ƴan kokowar da suka daɗe suna ji, wasu sun yi mamaki. Wanda suka zaci dogo ne kamar giginya, ga shi gajere mai faɗin ƙirji. Wanda makaɗi ya mai da shi zaki, ga shi yana ja da baya yana jiran sa'a. Amma kayen da suka gani, kaye ne irin wanda suka sani a gida.

Wadda ta biyo hanyar Kano

Mu mutanen Matamaye ƙofarmu tana kallon kudu. Daga nan zuwa Ɗan Barto, a tsallaka Kwangwalam, sai Daura, sai Kano. In rani ya yi, samari su bi wannan hanya cin rani: ga-ruwa, dako, gini, gadi, yankan farce. Can suka tarar da wata kokowa dabam a telebijin. A 1977 aka haɗa gidajen telebijin na Nijeriya ƙarƙashin hukuma guda, wadda aka sani da NTA, kuma cikin abubuwan da mutane suka fi so akwai kokowar Turawa. Mutanen Nijeriya suna ce mata resilin. Ƴan cin rani su tsaya bakin shagon mai shayi ko tagar wani mai hali, su kalla, da damina su dawo gida da labari. Ga wanda aka maka wa kujerar ƙarfe a ka ya tashi. Ga wanda ya hau igiya ya yi tsalle kamar shaho. Tsofaffi su ce ƙarya ne. Samari su rantse da idonsu suka gani. Kowa a cikinsu yana da tasa gaskiyar, kamar yadda za mu gani.

Mutumin da ya fi kowa buɗe wa wannan wasa ƙofa a Nijeriya shi ne Maikel Okpala, wanda aka sani da Pawa Maik. Ibo ne, an haife shi a 1939 a garin Neni. Ya zauna Kano da ƙuruciya. Ya fara da nuna ƙarfi a gaban jama'a, yana lanƙwasa ƙusa da hannu, yana ɗaukar mutane. Daga baya ya shiga kokowar Turawa, ya yi suna a Afirka, ya kada wani da ake kira Ali Baba a 1973. A 1976 ya bar shiga fage ya koma mai shirya wasa, yana kawo ƴan wasan Amurka Nijeriya.

Shirin da ya fi shiga ran mutane a wancan zamani na wani kamfani ne mai suna IWA. Shi ne wanda na ce an kafa a Amurka cikin 1975. Babban mai kuɗinsa, Edi Ainhon, mutumin telebijin ne, ya san yadda ake ɗaukar wasa ya yi kyau a akwati. Ya tara manyan ƴan wasa, ya yi niyyar mamaye Amurka duka. Tsofaffin masu sana'ar suka haɗa kai suka hana shi manyan zauruka. Ya yi asara, bai daɗe ba ya janye hannunsa. Kamfanin ya yi ta rarrafe har ya mutu a 1978.

Ku lura da wannan. Kamfanin ya mutu, amma faya-fayan da ya ɗauka ba su mutu ba. Su ne aka yi ta nunawa a Nijeriya a ƙarshen shekarun 1970 da cikin shekarun 1980. Ashe lokacin da samarinmu ke tsaye bakin taga a Kano suna jin tsoro kada a karya Igo, faɗan ya daɗe da wucewa, masu shi sun watse. Kayan gwanjo ne aka kawo mana. Sai dai gwanjo ma wani lokaci yakan fi dacewa da jikin mai saye na biyu. Igo ya yi suna a ƙasarsu, amma ƙaunar da aka yi masa a Nijeriya ta dabam ce.

Mutum uku

Maiti Igo shi ne na kowa. Ƙato ne mai gemu, mai faɗin kafaɗa, kullum yana dariya kamar yaro. Yakan shigo da tsofaffin tufafi, yana riƙe da wani nama da ake ɗurawa cikin hanji, yana ci yana miƙa wa ƴan kallo. An ce wa jama'a shi baƙauye ne daga ƙasar Polan, bai iya Turanci sosai ba, bai san mugunta ba, sai ƙarfi kamar na sa. Mugaye su yi ta zaluntarsa yana haƙuri. In ransa ya ɓaci ya rungume mutum ya matse, sai an ɓamɓare. Gaskiyar magana, sunansa Dik Garza, ɗan jihar Mishigan ne ta Amurka. Ƙarfin nasa na gaske ne, don tun yana saurayi yake ɗaga ƙarfe. Ƙauyancin da wautar kuwa riga ce yake sawa in zai fita aiki.

Na biyu Mil Maskaras, mutumin Meziko, an haife shi a 1942. Ma'anar sunan a harshensu, mai fuska dubu. Ba ya fita sai da hular da ta rufe fuska duka, kuma kowane wasa da irin wadda zai sa. Wani lokaci ya cire ta sama, sai a ga wata a ƙarƙashi. Shi ne ya riƙe kambun kamfanin IWA. A ganina duk cikinsu shi ne gwani. Na kalli tsofaffin faya-fayan nan a waya, hoton ya dushe, amma tsallen mutumin nan bai dushe ba. Yakan taso daga saman igiya ya faɗo a ƙirjin abokin wasa, su zube tare, ya miƙe kamar bai yi kome ba. Ko an shirya ko ba a shirya ba, jikin da zai yi haka ya sha horo.

Na uku Buldok Burawa, shi ne mugun. Ya zare ido, ya yi ta huci, ya fasa kujera, ya ciji igiya. Aikinsa ke nan, a ƙi shi. In babu kura a tatsuniya, wa zai ji tausayin akuya?

Shirin kansa kusan kullum tafiyarsa ɗaya. A fito da babban ɗan wasa a haɗa shi da wani da ba a sani ba, ya gama da shi cikin ƴan mintoci. Sai a tsai da mugu gaban mai magana, ya yi ta zage-zage yana cika baki. A kawo na kirki ya mai da amsa. A ce to, ranar kaza za su haɗu. A Amurka wannan duk talla ce, don mutane su je zaure su sayi tikiti. Mu nan tallar muka samu, ita muka ɗauka wasan.

Abin da ya ba ni sha'awa shi ne, masu kallonmu ba su jin Turanci ko kalma guda, amma ba wanda ya taɓa ruɗewa a kan wane ne na kirki, wane ne mugu. Tafiyar mutum da kallonsa sun isa. Wannan gwaninta ce, a ba su ita. Inda shirin ya gaza shi ne maimaici. In ka ga goma ka ga ɗari. Alƙalin wasa kullum bayansa yake juyawa daidai lokacin da mugu zai yi zamba. In da a filin Damagaram alƙali ya yi haka sau ɗaya, da ƙyar zai fita da rigarsa.

Yadda ake ɗinka abin

Kafin a fito, akwai mai tsara wasa a bayan fage. Shi ke cewa wane zai ci, a minti nawa, da wane irin kamu. Ƴan wasan biyu sun san ƙarshen tun suna ɗaki. Abin da ke tsakani suna haɗa shi a fage, suna yi wa juna raɗa in sun rungumi juna. Alƙalin ma ɗan aike ne, shi ke gaya musu lokaci ya kusa.

Dandamalin katako ne a kan ƙarfe, an shimfiɗa masa abu mai taushi, an rufe da tamfol. Yana ɗan lotsawa, yana kuma ƙara kamar ganga in an faɗi. Abu na farko da ake koya wa sabon shiga shi ne faɗuwa: ya faɗi da faɗin baya, ya sunkuyar da haɓa, ya bugi ƙasa da hannu biyu don nauyin ya rarrabu. In za a yi naushi, mai naushin ya buga ƙafa a ƙasa don a ji ƙara, hannun kuwa da kaɗan yake taɓawa. Wanda ake ɗagawa sama shi ma yana taimakawa, yana tura ƙasa da ƙafa, yana dafa cinyar mai ɗaga shi. Jinin da ake gani a fuska sau da yawa na gaske ne, amma ba naushi ya kawo shi ba. Ɗan guntun reza ne mutum ke ɓoyewa a tsumman da ya naɗe hannu, ya tsaga goshinsa da kansa in ido ya kau. Goshi yana da jini, in ya gauraya da zufa sai ya rufe fuska.

Duk wanda ya taɓa shiga fagen kokowa zai gane da kansa. Ka taɓa ganin ƙaton da ba ya so a ɗaga shi an ɗaga shi cikin sauƙi? Ƴan kokowarmu sukan yi minti goma kai da kai, kowa na neman ƙafar wani, ba a sami ko taɗiya ɗaya ba. Haka faɗan gaske yake, yana da jira, yana da gajiya, wani lokaci ma ba ya da daɗin kallo. Wanda ake jefa mutum sau ashirin ya tashi sau ashirin, da yardarsa ake jefa shi.

Shekaru da yawa masu sana'ar suna ɓoye wannan. Na kirki da mugu ba su yarda a gan su tare a mota ko wurin cin abinci. Bayan IWA, wani kamfani mai suna WWF ya yi abin da Ainhon ya kasa, ya mamaye Amurka. A 1985 ya fara babban wasansa na shekara, WrestleMania, a birnin Niyok. A 1987 Holk Hogan ya ɗaga Andire, ƙaton nan ɗan Faransa wanda nauyinsa ya fi buhun gero biyu masu kilo ɗari-ɗari, ya maka shi a ƙasa. Waɗannan su ne aka fi gani nan wajenmu lokacin da gidajen bidiyo suka yawaita, ana biyan ƴan daloli a shiga rumfa, injin wuta na ruri a waje. Sai a 1989 kamfanin da bakinsa ya gaya wa majalisar jihar Niyu Jazi cewa abin da yake yi nishaɗi ne, ba gasa ba ce. Ba don son gaskiya ya faɗa ba. So yake ya kuɓuta daga dokoki da kuɗin da hukumar wasanni ke ɗora wa masu dambe da kokowa. Tun 2002 sunan kamfanin WWE.

To, tsofaffin da suka ce ƙarya ne sun yi gaskiya. Amma samarin ma ba su yi ƙarya ba, don ciwon na gaske ne. Ƴan wasan nan da yawa sun tsufa da karyayyen baya da gwiwa. Andire ya mutu a 1993 yana da shekara 46. A 1999 wani gwani mai suna Owen Hat ya faɗo daga rufin zaure a birnin Kansas, lokacin da ake sauko da shi da igiya don burge jama'a. Ya mutu a daren, yana da shekara 34. Waɗannan mutane ne da suka yi shekaru suna koyon faɗuwa. Shi ya sa raina ke ɓaci in na ga yara a bayan makaranta suna hawa katanga suna dirowa a cikin ɗan'uwansu, ko suna murɗe masa wuya, wai suna yin abin da suka gani a wayar yayansu. Ƙasarmu ba ta lotsawa. Kuma yaron da ke ƙasa ba wanda ya koya masa sunkuyar da haɓa. Iyaye, in kun ga haka ku raba su, ku kai su yashi su yi irin tamu.

Mu ma muna da namu ado

Kada mu cika baki da yawa. Wanda ya kalli gasar Takobi a Tele Sahel ya san rabin lokacin ba kokowa ake yi ba. Ana kirari, ana rawa, ana zuba ruwan rubutu a ka, ana tona rami a binne wani abu, ana nuna gabas da yamma da ƙaho. Makaɗi yana kiran mutum da sunan da ya fi ƙarfinsa. Wannan duk ado ne, kuma da shi ake cika fili. Bambancin a wuri ɗaya yake. In alƙali ya busa, ya ce a cire layun da suka yi yawa, aka sunkuya aka kama, daga nan ba wanda ya san abin da zai faru. Gwamna bai sani ba, boka bai sani ba, mai ɗaukar hoto bai sani ba. Sarki mai takobi yana iya faɗuwa a hannun yaron da jiya aka fara jin sunansa, cikin ƙiftawar ido, mai kyamara ma bai gama juyowa ba.

Ta wajen iya ɗaukar hoto, shirin Amurka ya fi namu nesa, musamman a shekarun farko. Su sun san inda za a faɗi, sai su ajiye kyamara a wurin. Namu sai ƙura ta tashi, jama'a su ɓarke cikin fili, a gida a yi ta tambaya wa ya faɗi. Duk da haka, in lokacin Takobi ya zo, kasuwa takan yi sanyi, masu babur su faka, ofisoshi su zama kango. Ban taɓa jin an bar aiki saboda resilin ba.

Abin da ke ba wasu dattawa tsoro yanzu shi ne kuɗi. A zamanin Kantu daraja ta fi kyauta yawa. Yau kuɗin da ake ba mai takobi ya kai miliyan 10 na sefa ko fiye, wato jika 10,000, ban da abin da ƴan kasuwa da manyan gari ke ƙarawa. Ba laifi ba ne ɗan kokowa ya ci guminsa, da ma yawancinsu manoma ne da makiyaya, kuma ƙarfi ba ya daɗewa. Amma inda kuɗi suka yi yawa, raɗa takan yi yawa. Kusan kowace shekara in wani babba ya faɗi da wuri, sai ka ji ana cewa sayarwa ya yi, ko an roƙe shi ya bar wa wani. Sau da yawa zafin kaye ne ke sa magoya baya faɗin haka. Sai dai ita kokowar Turawa ma da gasar gaske ta fara. Masu shirya ta suka ga faɗan gaske yana daɗewa, yana gundurar masu biyan kuɗi, kuma gwanin da jama'a ke so yana iya faɗuwa ranar da ba a so. Suka fara gyara sakamako kaɗan-kaɗan. Kafin shekarun 1930 abin ya riga ya zama wasan kwaikwayo.

Dik Garza, wato Maiti Igo, ya mutu a 2002. Pawa Maik ya bi shi a 2004. Holk Hogan ya mutu a watan Yuli na 2025. Gasar da aka fara a Tawa kuwa, ko da yake akwai shekarun da ba a yi ta ba, ta kai karo na 44 a Agadas cikin watan Disamba na 2023. A can ne Kadri Abdu na Doso, wanda ake kira Isaka Isaka, ya ɗauki takobinsa na shida. A shekarar da ta biyo aka kai gasar Doso, garinsu, a filin Salma Ɗan Rani.